Kyaftin Ya Bi Rigar Alu

A Rano, in ka ji an ce "ai na san shi" tun mai magana bai rufe baki ba, kada ka wahalar da wuyanka da waiwaye, Alu ne. Ya taɓa yin karen mota da ƙuruciya, motar da ba ta taɓa wuce Saminaka ba, amma a bakinsa har Kwango ya taka. Ya yi wa giwa magani. Ya kwana ɗaki ɗaya da kura, ita ce ma ta roƙe shi ya rage minshari. A gidansa kuwa ba a taɓa yin kazar da ta ga salla biyu ba, tantabarun da ya kiwata kuma duk sun tattara sun koma gidan maƙwabta.

Matarsa Saude tana da wa, Alhaji Muhyiddeen, mai sayar da yadi a Kano, wanda yake zuwa sari har Jakarta. Alhajin ya kafa gidan gona a Fammar, ya zuba shanu da jiminu da dawisu, yana neman wanda zai riƙe masa. Tun da Alu ya ji haka ya daina zama lafiya. Har ya fara gwada zaman manaja a kan turmin Saude, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Ana nan sai ga Alhaji ya zo yi wa ƙanwarsa sallama zai tafi Umara, tare da 'yarsa Afra'u, tana rungume da keji an lulluɓe shi da mayafi. Da aka yaye sai ga wata 'yar jaka a rataye, wasu idanu ƙwala-ƙwala suna leƙe daga cikinta.

"Gwaggo, ga Kyaftin," in ji Afra'u.

Ta zaro shi. Bai fi tafin hannu ba, toka-toka, da baƙin zane tun daga goshi har gadon baya, ga jela buzu-buzu. Da ta ɗaga shi sama ya miƙe hannuwa da ƙafafu, sai wata fata ta buɗe a tsakaninsu kamar an baza babbar riga, ya tafi suuu a iska ya manne a labule.

Saude ta yi salati ta ja da baya. "Yaya, wannan ɓera ne ko tsuntsu?"

"Ba ko ɗaya. Shuga-gilaida suke ce masa a can Jakarta. Biyu na kawo wa Afra'u, macen ta mutu, tun daga nan ya rage cin abinci. Su a dawa dangi guda suke zama, ba su iya kaɗaici ba. Kuma da hanci yake sanin nasa, ba da ido ba. Sai a riƙa ajiye shi a jiki har ya saba da mutum. Shi ya sa na ce in kawo miki, Saude, ke mai haƙuri ce."

"Ai na san shi!" Alu ya jefo magana daga bakin ƙofa. "Ɗan lema ke nan. A Kwango garke guda na riƙe. In na yi tari sai su jeru a kafaɗata kamar 'yan makaranta."

"A Kwango kuma, Malam Alu? Ni an ce mini babu su a Afirka."

"Daga baya aka kwashe su. Alhaji, bar mini shi. Ranar da ka dawo, a gaban jama'a, ka ɗora shi a tafin hannunka, ni in tsaya can nesa in kira shi. In bai taso ya sauka a kafaɗata ba, kada ka ba ni ko gadin kaji."

"In ya sauka fa?"

Alu ya gyara hula. "Fammar."

Alhaji ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Na yarda. Saude, ke ce shaida."

"Ni shaidar me? Yaya, ka ɗauki dabbar yarinya ka tafi da ita Makka, ta fi tsira."

Amma magana ta riga ta fita. Afra'u ta miƙa kejin tana share ƙwalla, tana jaddada wa Baba Alu gwanda da dafaffen ƙwai da ɗan zuma, ban da goro.

Washegari da hantsi Alu ya kinkimi keji sai majalisa, gindin darbejiyar da ke gaban mai shayi. Kawu Ramalan, dattijon majalisar, yana nan da carbinsa. Shitu ma yana nan, ɗan kawun Alu kuma abokin wasansa, mai jakin da yake kai wa mutane yashi da taki. Shi Shitu in bai tsokani Alu ba shayi ba ya wuce masa.

"Ku matsa, ku ba baƙon Jakarta wuri," in ji Alu.

Shitu ya leƙa. "Ina baƙon? Ni safa nake gani a rataye."

"Barci yake. Manyan dabbobi da rana suke barci."

"To ashe kai ma babbar dabba ce."

Alu ya zura hannu cikin jakar don ya kunyata shi. Nan take wata ƙara ta tashi, kamar an kunna injin markaɗe a cikin aljihu. Mai shayi ya saki kofi. Alu ya zaro hannu, Kyaftin yana maƙale a babban yatsansa da haƙora.

"Gaisuwa ce," in ji Alu, hawaye ya cika masa ido. "Haka suke gaida manya."

"To ka ba shi ɗaya hannun, gaisuwa ta cika," in ji Shitu.

Kyaftin ya saki yatsa, ya bi hannun riga ya haye kan hular Alu, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya tsula fitsari, sannan ya koma jakarsa. Kawu Ramalan ya dakata da jan carbi.

"Alu, wannan ma cikin gaisuwar ne?"

"Hatimi ya buga mini, Kawu. Ya yarda ni nasa ne."

Daga ranar Alu ya ɗaura wa jakar igiya ya rataya a wuya, a ƙarƙashin riga, kamar laya. Duk inda za shi da ita. Yana tafe ƙirjinsa yana motsi, mata suna kaucewa suna neman tsari.

Haka ya tafi da ita raɗin suna a Madachi. An cika ƙofar gida, an fito da farantan goro da dabino da alawa. Liman ya ce a yi addu'a, kowa ya ɗaga hannu. Ƙanshin dabino ya kai wa Kyaftin har cikin barci. Alu ya ji abu yana tafiya a hammatarsa, ya matse, abin ya bi hannun riga. Ga hannu a sama, ba halin saukewa. Sai ga ɗan kai ya ɓullo a tafin hannunsa.

"Koma," in ji Alu ƙasa-ƙasa. "Don Allah koma, ana addu'a."

Kyaftin ya baza lema. Ya wuce saman kawunan sahu biyu ya sauka a tafin wani dattijo da ya runtse ido. Dattijon ya buɗe ido ya ga abin da aka saukar masa, ya kurma ihu ya watsar. Kyaftin ya faɗa tafin na gaba, daga nan sai na gaba, har ya dira tsakiyar farantin dabino ya rungumi guda. Kafin a shafa, rabin jama'a sun tsallake tabarma, takalma sun cakuɗe, ragon suna ya tsinke igiya ya bi gari. Liman kaɗai ya tsaya a wurinsa ya ƙarasa addu'a, sannan ya dubi Alu.

"Malam, naka ne?"

"Na Alhaji Muhyiddeen ne, Allah gafarta malam. Barka ya zo yi."

"To ya yi. Ɗauke shi, ka bi mana rago."

Alu ya dawo gida da la'asar, ƙafa duk ƙaya, ya zauna ya yi nazari. Dabba ba ta son sa, kuma ba ta cin abinci sosai. Me Alhaji ya ce? Kaɗaici. To ai maganin gwauro sananne ne.

"Aure zan yi masa," ya gaya wa Saude.

"Da wa? 'Yar gidan uban wa za ta yarda?"

"Ki dube shi da kyau. Daga sama jemage ne, daga ƙasa kurege. Jemage ba shi da asali. Dangin kurege za mu nema."

Ya hau keke har Unguwar Gai a ƙasar Kibiya, inda aka ce kuregu sun addabi masu gyaɗa. Manoman suka ji mutum ya zo neman kurege da rai, suka kama masa wata ƙatuwa, suka ce in yana so ya dawo da buhu. Ya shigo Rano da ita a kwando, ya tsaya a majalisa.

"Ga amarya. 'Yar Kibiya ce, gidan mutunci."

Shitu ya tashi tsaye. "Waye waliyyinta? Ina shaidu? Wallahi ka haɗa su ɗaki ba a ɗaura ba sai na kira 'yan Hisba."

"Kai ne waliyyin, ai kun yi kama."

"Na karɓa. Amma ka sani 'yata ba ta zaman gidan da miji yake kwana a safa."

Maganar Shitu ba ta faɗi ƙasa ba. Da aka zuba amarya a keji, ango ya leƙo ya gan ta, ya kunna injin markaɗensa. Ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Ta cinye gwandarsa, ta cinye ƙwansa, ta tauna ƙofar keji ta fice, ta shige ɗakin da Saude take ajiye gyaɗar ƙuli-ƙuli. Kwana da kwanaki ana jin ta ba a ganin ta. Ranar da ta gama da buhun ta haƙa rami ta gindin katanga ta koma gidan iyayenta.

Saude ta tsaya a kan Alu da ɓawon gyaɗa cike da zani. "Ga kayan da amaryarka ta bari. Saura wa za ka kawo? Kada?"

Ya gwada tantabara, ta tsattsage wa Kyaftin jela. Ya gwada madubi, Kyaftin ya yi wa na ciki ƙara har muryarsa ta dushe. Ya kawo ɗan zomo, Saude ta ce in ya ƙara kwana a gidan za ta sa shi a miya.

A nan ne Alu ya yanke babbar shawara. Tun da ba a samu ɗan'uwa ba, shi zai zama ɗan'uwan. In da hanci dabba take sanin nata, to me ya sa kullum yake rikita ta? Yau sabulu, gobe wata riga, jibi turare. Ya zaɓi wata tsohuwar shuɗiyar riga mai babban aljihu ya sa, ya rantse ba zai tuɓe ta ba sai Alhaji ya dawo. Wanka da ruwa zalla. Sabulu ya haramta wa kansa.

Ga zafin bazara. Ba a daɗe ba rigar ta fara magana tun kafin mai ita ya iso. Tsamin gumi, zarnin Kyaftin, ɗigon zuma da mangwaro, duk suka taru suka zama abu guda. Ƙudaje suka yi masa mubaya'a. A masallaci in ya shiga sahu sai ka ga an bar masa fili hagu da dama, har ladan ya gaji da cewa a haɗa kafaɗa. Mai shayi ya kai masa benci na musamman can bayan iska.

"Alu," in ji Kawu Ramalan, hanci a toshe da gefen rawani, "tsafta fa addini ce."

"Ilimi ne, Kawu. Ba kowa zai gane ba."

"Mu dai mun gane," in ji Shitu daga nesa. "Jiya ungulu biyu suka tambaye ni gidanku."

Saude kuwa ta fitar masa da tabarma zaure, ta ce shi da ɗan'uwansa su ƙarata.

Abin haushin, kuma abin da ya fi ba mutanen Rano mamaki, shi ne dabarar ta ci. Kyaftin ya bar jakarsa ya koma aljihun shuɗiyar riga. Ya daina cizo. In magariba ta kawo kai sai ya fito ya zauna a wuyan Alu yana lasar zuma a yatsansa, yana goga masa goshi a gemu. Ya yi ƙiba, gashinsa ya kwanta luf. Alu yakan ɗora shi a reshen darbejiya, ya ja da baya, ya daki ƙirji ya ce "Kyaftin, sauka!", sai ka ga lema ta buɗe suuu har kafaɗarsa. Ran da ya fara yi, Alu ya juya baya yana goge ido, wai ƙura ce. Har fara yake kama masa da kansa, yana cire mata ƙafafu, yana ce masa "ci, ɗan ƙanena, kada ka kula su."

Shitu ya ga saukar da idonsa, ranar ko shayi bai sha ba.

Sai labari ya zo Alhaji ya sauka, kuma zai zo Rano a yi walima a ƙofar gidan Alu. Tun da safe ake shara ana kafa rumfa. Saude ta tare Alu a zaure.

"Ba dai da wannan rigar za ka tarbi wanda ya dawo daga ɗakin Allah ba?"

Alu ya dubi kansa. A karon farko ya ji abin da gari yake ji. Kuma ya tuna yau ba Alu ba ne, yau manajan Fammar ne. Manyan Kano za su zo. Wane manaja aka taɓa naɗawa ƙudaje suna yi masa rakiya? Aiki ai ya gama, dabba ta san shi.

"Kawo sabulu," ya ce. "Kawo soso. Sabon."

Ya mayar da Kyaftin keji yana barci. Ya yi wanka, ya sake, ya kuma sakewa, har ruwan makwarara ya canza launi. Wanzami ya yi masa ƙwal, ya rage gemu. Ya ciro farar shaddar da aka kai bugu tun salla, Saude ta turara ta a kasko har hayaƙi yana fita ta wuya. Ya juye kwalbar turare a hammata da ƙeya, da bai ishe shi ba ya ƙara da humrar Saude.

Yana fitowa ƙofar gida sai ga Shitu ya kawo itacen walima a jaki. Alu ya ɗauko shuɗiyar rigar da tsinken kara, ya wurga masa.

"Ungo, kwancen manaja. Ka sa ran salla, ka riƙa tuna ka taɓa sanina."

Shitu ya kauce, rigar ta faɗi ƙasa. "Ni? Ko jakina sai na ba shi haƙuri." Ya dube ta, ya dubi bayan jakin da itace ya goge. "Amma akumarinsa ya mutu. Zo nan, bawan Allah, ka yafe mini." Ya ninke rigar ya shimfiɗa a bayan jaki, ya ɗaure shi a gindin bishiya gefen rumfa.

Bayan la'asar ƙofar gida ta cika. An sha zamzam, an ci dabino, an yi wa Alhaji barka da sauka. Labarin alkawari ya riga ya zaga, har daga Madachi an zo, ciki har da dattijon da aka saukar wa Kyaftin a hannu, ya zauna can baya kusa da hanya. Afra'u ta buɗe keji ta ga yadda Kyaftin ya murje, ta yi tsalle.

"Abba, dubi wuyansa! Baba Alu, sannu da ƙoƙari!"

Alhaji ya jinjina kai. "Malam Alu, na ga alama. Saura cikon."

Alu ya tashi, shadda tana ƙara, ƙanshi yana ture na kusa. Ya sa aka buɗe fili. Ya taka har ƙarshen rumfa, daidai kusa da inda jaki yake tsaye, ya juyo ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ku buɗe ido. Abin da za ku gani sai a Kwango. Masu waya ku ɗauka, amma kada ku haska masa fitila."

Alhaji ya ɗora Kyaftin a tafin hannu ya ɗaga sama. Alu ya daki ƙirji.

"Kyaftin, sauka!"

Kyaftin ya ji muryar ya miƙe kunnuwa. Ya ɗaga hanci ya shinshina gabas, ya shinshina yamma. Ya yi atishawa.

"Kyaftin! Ni ne, yayanka. Sauka!"

Lema ta buɗe. Jama'a suka ɗauki kabbara. Ya taho suuu, kai tsaye, ya dira a kafaɗar farar shadda, Alu ya buɗe baki zai yi kirari. Ko numfashi bai ja ba Kyaftin ya cusa hanci a wuyansa, ya ji humra da turaren wuta da sabulu, ya kunna injin markaɗe a cikin kunnensa, ya gartsa masa cizo a kunnen, ya sake baza lema. Bai tsaya ko'ina ba sai bayan jaki. Ya shinshina shuɗiyar riga, ya yi wata 'yar ƙara ta murna, ya nemi aljihu ya shige, jela kaɗai a waje.

Sai jakin ya ɗaga kai ya yi kuka.

Dariyar da ta ɓarke har tantabarun maƙwabta sai da suka tashi. Kawu Ramalan ya saki carbi. Shitu ya kwanta a kan itace yana dukan ƙasa.

"Ya sauka!" Alu yana ihu, hannu a kunne. "Alhaji, kowa ya gani, ya sauka a kafaɗata!"

"Ya sauka ya sha mai ya wuce," in ji Shitu. "Tashar tasa ga ta can."

"Ai rigata ce! Warina ya bi! Ko a kan jaki, warina ne!"

"To je ka karɓo warinka," in ji Alhaji, yana share hawaye da gefen hirami.

Alu bai tsaya tunani ba. Ya tuɓe shadda a gaban manyan Kano, ya rage daga shi sai singileti da wando, ya nufi jaki zai zare riga ya sa. Jakin da tun safe yake haƙuri da wari ɗaya, ya ji wani sabo ya tunkaro shi. Ya yi tutsu ya tsinke igiya, ya kai wa Alu harbi a cinya ya zaunar da shi cikin bahon zoɓo, ya miƙi hanyar Kibiya da gudu, Kyaftin ya leƙo daga aljihu iska tana kaɗa masa kunne.

"Abba, Kyaftin!" Afra'u ta fasa kuka.

Walima ta tashi gaba ɗaya ta bi jaki. Masu babura, masu keke, masu babbar riga a hannu. Alu ne a gaba, yana ɗingishi, jan zoɓo yana ɗiga daga wandonsa, mata suna leƙe ta katanga suna tambaya wa aka yanka. Shi dai kira yake.

"Riƙe da kyau, ɗan ƙanena! Kada ka buɗe lema, akwai shaho!"

Jakin bai yi nisa ba. Yana isa gidan Shitu ya tsaya a turkensa ya sa baki a harawa kamar ba shi ba. Kyaftin yana cikin aljihu lafiya lau, har ya koma barci. Afra'u ta zo za ta ɗauke shi ya ƙanƙame rigar. Alu ya miƙa yatsa, ya nuna masa haƙora. Dole aka kwance rigar dungurungum aka cusa a keji, Afra'u ta rungume tana kawar da fuska.

Alhaji ya iso a bayan babur, ya sauka ya daɗe yana duban jakin. Ya shafa wuyansa, ya duba haƙarƙari.

"Shitu, a wannan rani jakinka yake da wannan jiki?"

"Shi nake fara ba wa kafin in ci, Alhaji."

"Gobe ka same ni a Fammar."

Alu ya sha gabansa. "Alhaji! Ni na yi jinya. Ni na bar sabulu. Ni aka fitar zaure!"

"Gaskiya ne, kuma ban manta ba. Rigarka ta ci jarrabawa, kai ne ka faɗi. Na riga na yi magana a Jakarta, za a kawo wa Kyaftin 'yar'uwarsa ta gaske, ba 'yar Kibiya ba. Amma kafin ta iso, wannan rigar za ta huce. Don haka kai ma na ɗauke ka aiki. Zan riƙa aiko maka da riga daga kanti. Ka sa, ka yi gumi a ciki, in ta nuna ka ba direba ya kawo Kano."

Aka sake kwashewa da dariya. Alu ya tsaya, zoɓo yana bushewa a jikinsa, ya dubi Alhaji, ya dubi kejin da jelar Kyaftin take leƙe. A hankali ƙirjinsa ya fara tasowa. Ya gyara wuyan singileti, ya juya ga jama'a.

"Kun dai ji da kunnenku. Shitu an ɗauke shi kwasar kashin jimina. Ni kuwa, duk faɗin Rano da Kibiya, ku nuna mini mutum ɗaya da aka taɓa aiko wa da mota daga Kano saboda guminsa."

Saude, da ta biyo sawu da shaddarsa a hannu, ta miƙa masa ita.

"Sa, ranka ya daɗe, kada iska ta kwashe wa Yaya kaya a banza. In mun je gida kuma ofishinka yana nan inda ka bar shi, na ma sake maka tabarma."